Fuskoki a Kan Buhunan Alhaji Magagi

Mairama na tankaɗe ɗan garin da ya rage sai ga kawunta Tahiru ya faɗo gidan ko sallama babu. Wai mahaifinta, Alhaji Magagi, ya ce ta tattara kayanta yanzu-yanzu, ɗiyarsa ba za ta ƙara kwana gidan marar kunya ba.

Marar kunyar kuwa mijinta ne, Kailu, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a Filinge, wanda hannunsa ba ya rabo da gawayin zane. Shekarar fari ce, ta saba'in da uku. Shanu sun mutu, rumbuna wayam, amma mangazar Alhaji, ɗakin ajiyarsa na kasuwa, cike take da hatsi har rufi, ya garƙame yana jiran tsada. Wanda yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya ba da gona, dillalan Alhaji su jefa masa buhu guda. Wallahi abin da ciwo.

Kailu ya bi ƙauyukan yankinsu na Kurfai yana karɓo buhunan da aka cinye, masu tambarin Alhaji. Kan kowane ya zana fuskar wanda ya rasa gonarsa, da ramar kunci, da tsagar gidansu. Ran kasuwa ya kafa itace daidai ƙofar mangaza, ya ɗinke buhunan ya yi rumbu da su, rumbun da babu ko ƙwaya ɗaya ciki. Kasuwa ta bar ciniki ta koma kallo.

Mairama ta bi kawunta tana kuka, don ba ta iya ƙin kiran uba. Mako guda ƴan uwa suka sa ta gaba, wai ta nemi saki. Alhaji ya aika wa Kailu: ko ya rushe shirmensa, ko ya rubuto takarda. Kailu ya aiko wa matarsa cewa in ta ce a rushe, yau zai rushe, don gidan ya ƙi zaunuwa ba ita. Ta mayar masa da cewa kar ya kuskura ya taɓa ko buhu guda.

Da Alhaji ya ji, ya yi kanta da faɗa. Ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ban ƙi ka ba, amma ban neman saki. Mi ya zana wanda ba a yi ba?"

Da kasuwa ta zagayo Alhaji ya fito da wuƙa, ransa a ɓace. Ya keta buhu uku. A na huɗu hannunsa ya tsaya cak: fuskar tsohuwa ce, tsagar kuncinta irin tasa sak. Yayarsa ce Muna, wadda ta goya shi, tana aure wajen Bonkuku, rabonsa da leƙa ta shekara bakwai.

Kailu ya sunkuyar da kai. "Watan jiya dillalinka ya amshi gonarta, Baba. Ta roƙe shi kar ya faɗa maka, wai kar ka ji kunya."

Alhaji ya zauna daɓas cikin rairayi, gaban jama'a, ya yi kukan da bai yi ba tun mutuwar uwarsa.

Ban ce ya koma waliyyi ba, haba. Amma ran nan aka buɗe mangaza, hatsi ya sauko, gonar Muna da gonakin wasu suka koma hannun masu su. Da la'asar shi da kansa ya rako Mairama har ƙofar mijinta, ya kasa haɗa ido da kowa.

Haƙurinta ne ya riƙe auren, ba ta saɓa wa uba ba, ba ta kuma goyi bayan zalunci ba. Duk mai neman riba da yunwar mutane ya sani, cikin waɗanda yake tatsa akwai nasa.