Zanen Da Aka Ara Wa Fim

Da hantsi Maliki, mai shirya fim, ya faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda na Maraɗi, ko sallama babu. An sace diskin da sabon fim ɗinsa yake ciki, kuma ba shi da wani kwafi. Jiya aka fara haska shi a Tibiri, jibi ake jiransa a Maraɗi.

Sufeto Inusa, wanda ba ya son gaggawar kowa, ya bi shi zuwa situdiyonsa a unguwar Zariya. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ga kamara, ga ordinata, wato kwamfuta, ba a taɓa su ba.

"Mi ya ɓace ban da diski?"

"Wani tsohon zane cikin kayan wasa. Ba shi da daraja."

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai. Sai wanda na aje gida."

"Fim ɗin, labarin mi ne?"

Nan Maliki ya manta da sata, baki ya buɗe. Labarin ɗan kabu-kabu ne da ya auri ɗiyar maigidansa don ya gaji shago, yana kuma zuwa wurin wata mace a garka, wato lambu, a Jiratawa. Ranar da za a kama shi sai Gulbi ya kawo ruwa ya tare hanya, ya tsira.

"Daga kaina na ƙago shi," in ji shi, yana dukan ƙirji.

Sufeto ya wuce Jiratawa, ya tarar da Fadila, wadda ta fito a fim ɗin a matsayin matar da aka ci amanarta, tana tsinkar zogale a garkar babanta.

"Zanen da kika sa a fim, na wa ne?"

"Nawa ne."

"Ina kika saye shi?"

Ta yi ta kame-kame. Daga baya ta sauke murya. "Ranka shi daɗe, mu ba mu sayen kaya, aro muke. Maliki ya ɗauko shi gidan yayarshi Tahira, a Tibiri."

A Tibiri kuwa ba sai ya yi tambaya ba, zancen fim ake ko'ina. Maza na yaba sa'ar ɗan kabu-kabu. Wata mai ƙosai ta ce tun da zanen ya fito a allo mata suka fara taɓa juna. Marigayiya uwar Tahira ce ta rina mata shi da hannunta, babu irinsa a garin. Mijin Tahira kuma da kabu-kabu ya fara, yanzu yana zaune a shagon hatsin surukinsa.

Sufeto ya kira Maliki, suka shiga gidan tare. Tahira tana zaune kusa da turmi.

"Kin ga fim ɗin ƙanenki?"

"Ban gani ba. Ban fita ba jiya."

"Yau da safe fa?"

"Ko ƙofa ban leƙa ba."

Sufeto ya nuna igiyar shanya. Zanen yana kai, har yanzu yana ɗigar ruwa. Ya leƙa turmin. Gutsattsarin ƙarfe da roba ne a ciki.

Maliki ya dafe kai. "Yaya! Aikin shekara guda!"

Tahira ta miƙe, ba ta ko kalle shi ba.

"Ni ce, Sufeto. Da sassafe na tafi gidanmu Maraɗi na ɗauki makulli. Abin da mijina ya yi mini na haɗiye shi, ko babanmu bai sani ba. Mutum ɗaya na faɗa ma, ina kuka, wanga da na goya a bayana. Ya ce mini zanen na ɗaukar hoto ne. Jiya ina zaune cikin mata, na ga kaina a allo, gari na dariya."

Sufeto ya daɗe a aiki, amma wannan ta sosa masa rai. Sai dai ƙara tana gabansa, Maliki kuma ya tsaya yana kallon turmi, bai ce ya janye ba.

"Sai ki yi haƙuri, mu tafi."

Ta cire zanen daga igiya, ta yafa shi a jiƙe. A bakin zaure ta juyo.

"Maliki, a fim ɗinka ka ce matar ba ta taɓa sani ba. Nan kaɗai ka yi ƙarya."

Matan unguwa sun cika ƙofar gida. Ta ratsa su ta shiga mota, babu wadda ta yi dariya.