Ranar da Sabis Ya Gyaru a Tsohon Sito

"Kowa ya kwanta! Waya a buhu — har ta aljihun baya!"

Oga ne ke magana, bindiga a hannu, rana tsaka, a shagon sayar da wayoyi. Ƙwaro, na hannun damansa, na bin mutane da buhu. Wata mata ta roƙi a bar mata layinta. Ƙwaro ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya ce yau ba a sayar da kaya ɓalle-ɓalle.

A waje Birki direba na zaune a mota, inji a kunne. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma yana alfahari da haka, ya manta abokin ɓarawo ɓarawo ne. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, kuma ba ɗan sanda ba ne: kada Innarsa ta san sana'arsa. Tsohuwa ce mai hawan jini, da wankau ta raine shi, kuma ta gama shaida wa maƙwabta cewa autanta direban kamfanin magani ne.

Suka faɗo mota. Taya ta yi ƙara — kwana, lungu, kwana — suka ɓace!

Maɓoyarsu wani tsohon sito ne a bayan layin masu walda, kuma darajarsa ɗaya ce, rashin sabis. Wani mai walda ya taɓa ɗaura na'urar ƙara sabis ta bogi a kan rufinsa, ta lalace, ta koma zuba hayaniya a iska. Ƙarafan sabis da ke auna inda waya take sai suka rikice. In 'yan sanda suka bi wayar sata a kwamfuta, ɗigon da ke nuna inda take ya yi tsalle ya faɗa mayanka, ya tashi ya dira maƙabarta. Har gidan wani limami suka taɓa fasawa. Saboda haka Oga ba ya ko wahalar kashe wayoyin sata.

Abin da Oga bai sani ba, Birki ya daɗe da sa kamfanin waya a gaba. Inna ce dalili. In ta kira shi yana sito, sai ƙuuu da ƙarr, ta kwana tana zaton haɗari ya yi, jininta ya hau. Tausayinta ya hana shi sukuni. Kullum sai ya fita bakin titi ya kira kamfani, ya zage su tas, ya kwatanta musu layin masu walda dalla-dalla. Shi dai so yake tsohuwa ta ji muryarsa. Bai taɓa tambayar kansa me ya hana a kama su ba, tunani aikin Oga ne.

Da safiyar nan, su Oga na can suna fakon shagon wayoyin, ma'aikatan kamfani suka zo da eriya mai kama da ƙashin kifi. Suka bi hayaniyar har rufin mai walda, suka zare na'urar, suka tafi da ita.

A ofishin 'yan sanda, kofur mai kula da kwamfuta ta kira Sufeto. Ya zo yana tsaki, ya tambaya ko yau ma maƙabarta za su.

"Yallaɓai, ɗigon ya tsaya," ta ce. "Wayoyin duk sun taru wuri ɗaya, ko motsi ba sa yi."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

A sito kuwa, Ƙwaro ya dire buhu. Sai buhu ya ɗauki ruri! Wannan na kiɗa, wancan na wa'azi, wata na kukan jariri. Ƙwaro ya yi baya yana salati, salatin da ya shekara bai yi ba. Oga ya duba tasa wayar: sabis cike fal. Ana cikin haka saƙo ya shigo wa Birki, shi kuma sarkin wauta ya karanta a fili: an magance matsalar da ya kai ƙara, kamfani na godiya.

Oga ya juyo kansa.

"Kai ka kira su?"

"Oga, wallahi saboda tsohuwa ne. Ba ta ji na."

"To yanzu kowa na jin ka."

Bai harbe shi ba, harsashi da tsada. Ya ɗora masa buhun, ya ce ya fita ta gaba ya watsar a kwata, su za su jira shi. Birki na juya baya suka nufi katangar baya. Oga ya taka kafaɗar Ƙwaro ya haye, da Ƙwaro ya miƙo hannu sai ya samu tafin takalmi a fuska.

Birki na bakin ƙofa wayarsa ta yi ƙara. Inna. Hannu ya riga hankali, ya ɗauka.

"Inna, ina hanya, magani zan kai—"

"Ɗan fashi, kwanta! Ajiye buhun!" Sufeto ya daka masa tsawa.

Harbi ta baya — tau! tau! Ƙwaro ya kurma ihu, ƙafarsa ta tafi kenan har abada. Oga ma bai yi nisa ba. Kwaɗayi ya sa ya soke waya mafi tsada a safa, ɗigonta ya raka 'yan sanda har cikin tankin da ya ɓuya.

Birki na kwance, kumatu a ƙasa, ankwa a baya. Wayar na gefen kunnensa, ba ta katse ba. Ya yi addu'ar ƙuuu da ƙarr su dawo ko na minti ɗaya ne. Layi tangaran, har numfashinta yake ji. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya fara kuka.

"Inna, kina ji na? Bari in yi miki bayani."

"Ba sai ka yi ba, Auta," ta ce a hankali. "Yau kam na ji komai."