Ciwon da Ba Ya Fitowa a Kwance

Auta ta ɗauko bokitin wanki za ta hau bene, a tsakiyar matakala numfashinta ya sarƙe. Ta zauna dafe da ƙirji, gumi na keto mata.

"An fara!" in ji surukarta daga falo. "Da aiki ya taso sai ciwo ya taso. Ba an yi miki hoton zuciyar ba? Me aka gani?"

"Mama, wallahi—"

"Son jiki ne, yarinya!"

Gaskiya an yi hoton tana kwance, likita ya ce naman zuciyar ya yi kauri amma jini na wucewa. Tun ranar kowa a gidan ya ɗauke mata kai. Wanda ya fi ci mata rai mijinta ne, Malam, mutumin da a da ko tari ta yi sai ya rikice. Yanzu sai dai ya ce, "Ki daure mana, ki daina ja mini magana." Haka take wuni a ɗaki, daga ita sai ƙarar fanka, hawaye na jiƙa filo.

Ranar komawa asibiti ita kaɗai ta je. Kowa a benci da ɗan rakiyarsa, ita sai jakarta.

"Yaushe kike jin abin?" likita ya tambaya.

"In ina aiki."

"To yau ba a kwance za mu neme shi ba."

Ya sa ta taka injin motsa jiki har ta fara haki, nan take ya ɗora mata na'urar hoton a ƙirji. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Kira mijinki."

Malam ya iso a gurguje, likita ya nuna masa allon.

"Ka ga naman nan mai kauri? Da ta motsa sai ya matse hanyar da jini ke fita daga zuciya. Akwai magani, amma ɗaukar kaya masu nauyi na iya kayar da ita."

Malam ya juya wajen Auta, idonsa ya ciko.

"Sori, Auta... Na saurari kowa ban saurare ki ba. Ki yafe mini!"

"Ni dama ka yarda da ni, shi ke nan," ta ce.

Da Mama ta ji bayani, kunya ta kama ta. Daga nan kullum da safe ita ke ƙwanƙwasa ƙofa: "'Yata, kin sha maganinki?"

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa banza ba. Rashin ganin ciwo ba shi ne rashinsa ba. In wanda kake so ya ce yana jin jiki, fara yarda da shi tukuna.