Fasinjar Kujerar Baya

Rana ta riga ta faɗa bayan tankin ruwan maƙwabta lokacin da Baba Akawu ya shigo da motarsa harabar gida, motar tana walƙiya kamar ba ita ba. Ya kashe inji, ya zare mukulli, ya zauna. Haka yake yi kullum tun rasuwar matarsa, sai ya daɗe a cikin mota kafin ya shiga gida. Maƙwabta sun ɗauka labaran rediyo yake saurare. Rediyon kuwa ya daɗe da mutuwa. Magana yake yi. Yakan ba gilashin gaba labarin abin da ya gani a hanya, da ciwon gwiwarsa, da 'ya'yansa maza da suke bugo waya in sun tuna, su ce ana kiransu in ya fara dogon zance.

Amma a wannan yammacin, da ya buɗe baki sai maganar ta ƙi fitowa. Motar ta yi fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Babu komai a cikinta sai ƙamshin lemo na turaren da aka fesa.

Ga yadda aka yi. Baba Akawu mutum ne da bai yarda da kyauta ba. Duk lokacin da ya kai motar sabis a kamfanin da suka sayar masa da ita, in an gama juyen mai an duba birki, sai a ce akwai wanki kyauta, shi kuma ya ɗaga hannu. "A'a, na gode. Tsumma ɗaya kuke goge motar kowa da shi, yashin wani ya zo ya karce mini fenti." Da bokitinsa yake wanke abarsa, da wata tsohuwar singileti. Waje kawai yake wankewa. Ƙarƙashin kujerar baya kuwa, tunda bayansa ba ya barin shi ya sunkuya, ƙurar da ke wurin ta girmi wasu jikokinsa.

A ranar nan ɗakin jira ya cika. Wani mai tumbi yana gardamar ƙwallo, an miƙo wa Baba Akawu shayi a kofin takarda, har wani ya tambaye shi ra'ayinsa kan taya, ya kuma saurare shi har ƙarshe. Rabon da a saurare shi har ƙarshe, shi kansa ya manta. Ana cikin haka yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta leƙo.

"Baba, an gama. A wanke maka ita? Kyauta ne, sai dai za ka ƙara ɗan jira."

Wannan ɗan jiran shi ya kama shi. Ya dubi kofin shayinsa, ya dubi mai tumbi, ya ce, "To, a wanke." Ta gilashi ya ga kumfa ta rufe motar, ya ga an cusa hancin injin zuƙe ƙura ƙarƙashin kujerar baya. Ya ji wata siririyar ƙara, ya ce wa kansa injin ne.

Su biyu ne a gidan, shi da 'yarsa Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da magani. Ba faɗa suke yi ba. Tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci a rufe, tana tuna masa ƙwayar hawan jini, duk da wayar saurare a kunnuwanta. Shi kuma yana sa mata albarka. Daga nan kowa ya ja ƙofarsa.

A ranar da aka wanke motar, yana alwalar magariba tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano. Ɗaya, shiru, sannan wata. Ya fito ya zagaya, babu kowa a bayan katanga, babu iska, ko tsuntsu babu. Ya tsinci guda ya duba. Irin tsakuwar nan ce mai maƙalewa a haƙoran taya, har da baƙin roba a jikinta.

Washegari da faɗuwar rana abin ya dawo, ya kuma zo da ƙari. Daga cikin bangon falo aka riƙa jin ƙyat, ƙyat, ƙyat, kamar an kunna siginar mota an manta. Auta ta cire waya daga kunne, ta tsaya da faranti a hannu.

"Baba, ka ji?"

"Ɓera ne," in ji shi, da muryar da ko ɓeran ba zai yarda ba.

Ba a rufa mako ba ya shigo ya tarar an jera kujerun roba biyu a tsakiyar falo, ɗaya a bayan ɗaya. Auta na zaune a ta baya, hannuwa a kan cinya, idanu a buɗe ba ƙiftawa, jikinta yana karkata dama, yana karkata hagu, kamar ana shan kwana da ita. Fitila a kashe. Ya kira sunanta. Ta nuna masa kujerar gaba da haɓa, ta yi magana da muryar tsohuwa, busasshiya, mai ƙura.

"Zauna mana, direba. Ka tsaya a inda likita ya ce ka rage gishiri. Ci gaba."

Daga ranar Auta ba ta sake zuwa aiki ba. Ba ta ci sai an ɗura mata, ba ta barci sai a zaune. Duk inda ya zauna, sai ya ji numfashinta a ƙeyarsa. A asibiti aka auna abin da ake aunawa, aka ce lafiyarta ƙalau, hutu take buƙata. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da matan maƙwabta suka shigo dubiya, muryar ta fara zazzago musu zancensa na cikin mota, kalma bayan kalma, har da yadda yake gyaran murya. Yadda yake zagaya kasuwa ba don sayen komai ba. Yadda har yau yake kwana a gefe ɗaya na gado. Matan suka sunkuyar da kai, suna ta salati, amma ba wadda ta tashi sai da aka kai aya.

Telan da ke bakin layi shi ya kawo Malam Mai Tabarau, wani siririn dattijo da ba ya gaggawa ko da gobara. Ya iso bayan la'asar, ya ajiye takalmansa a jere, ya sa aka fitar da 'yan kallo. Ya daɗe yana karatu a kan ruwa, muryarsa ƙasa ƙasa, inuwar taga tana jan jiki a kan bango. Da ya yayyafa, Auta ta yi wata ƙara, irin wadda Baba Akawu ya ji ta gilashin ɗakin jira.

"Wace ce ke?"

"Fasinja ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba ta san ma ina duniya ba. Ubanta za ka tambaya. Ina zaune lafiya a ƙarƙashin kujerarsa, na tara ƙurata, na gyara shimfiɗata, ban taɓa fasa masa taya ba. Rana ɗaya aka ce kyauta, ya sa aka zuƙe mini ɗaki da ƙaton hanci, aka bi ni da turaren lemo. Ni na yi kama da mai son lemo?"

Malam ya gyara tabarau. "Me ya kai ki motar mutane tun farko? Duk kangon da ke gari?"

Muryar ta rage kaifi.

"Kango ba ya magana, Malam. Dangina sun watse tun da aka sare inda muke aka yi titi. Wata rana ina bakin hanya na ji mutum yana zance shi kaɗai a mota, na ce wannan ya fi ni buƙata. Ba wani daɗin hira gare shi ba, labarin gwiwa ne safe da yamma. Amma murya ce."

Baba Akawu ya ji kunya ta rufe shi, sannan wani abu ya biyo bayan kunyar wanda bai san sunansa ba. Ashe duk shekarun nan akwai mai ji.

"Za ki fita," in ji Malam.

"Zan fita yanzun nan. A mayar da ni wurina, a bar ƙura ta taru, kada a sake wanke ciki. Ya ci gaba da ba ni labari kamar da. Ba na son rago, ba na son jini. Akwai aljanar da ta taɓa yi maka sauƙi haka?"

"Babu. Shi ya sa ban yarda ba. Yau kin san hanyar cikin gida. Ranar da ya yi zazzaɓi bai fito mota ba, wa za ki hau?"

Ta yi dariya da bakin Auta, dariyar da ba ta taɓa idanu ba. "To tambaye shi. Ka daina yi masa baki. Direba, kana so in tafi?"

A nan ne labarin ya so ya ba da kunya, domin Baba Akawu ya tsaya yana auna tambayar. Malam ya juyo ya dube shi ta saman tabarau. Ana jin ladan daga nesa yana gwada lasifika. Tsohon ya tuna yammacin nan da motar ta yi fayau, ya lissafa cewa sauran yammacin da suka rage masa a duniya duk haka za su kasance. Sannan ya dubi 'yarsa. Leɓunanta sun bushe sun tsage, wuyan rigarta ya yi mata yawa, ƙafafunta sun kumbura don zama.

"Ki tafi," ya ce. "Na gode da zama. Amma ki tafi, ki bar mini yarinya."

Muryar ta ja dogon tsaki. "Mutum ke nan. To ai sai ka rage mini hanya. Na manta yadda ake tafiya da ƙafa."

"Ina?" in ji Malam.

"Inda manyan motoci suke kwana. Can akwai masu magana su kaɗai."

Haka aka yi. Suka yi salla, suka fito. Malam a gaba da carbinsa, Auta a baya, Baba Akawu a kan sitiyari. Suka bi titin da fitilunsa rabi sun mutu, suka wuce shagunan da ake ja wa ƙofa, har suka iso wani fili a bakin gari inda tireloli da tankoki suka jeru kamar shanu a garke, ƙasa ta yi baƙi da mai. Muryar ta riƙa zaɓe kamar mai sayen atamfa.

"Wannan yana da yaron mota, surutu zai yi yawa. Wannan kiɗa yake sawa. Wuce. Tsaya nan."

Wata tsohuwar tirela ce, gilashinta ya yi dusu-dusu, ga alama ruwa bai taɓa ta ba sai na sama. A ciki wani direba mai furfura yana zaune shi kaɗai, ƙafa a kan sitiyari, bakinsa yana motsi, yana nuna gilashi da yatsa kamar mai kai ƙara.

Malam ya sa ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba, ba kuma za ta taɓa iyalin mai tirela ba. Ta ce wannan ba shi da kowa, daga nan ma tana ji. Baba Akawu ya sauke gilashin baya da hannunsa. Ya jira ta ce masa wani abu, ko sai wata rana, ko ka kula da gwiwarka. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan kujera. Wata 'yar guguwa ta tsallaka filin, ta shige ƙarƙashin tirelar. Ko sallama babu. Ta riga ta sa kunne a wani labarin.

"Baba?" Muryar Auta ce, tata ta kanta, a dishe. "Me muke yi a nan? Ƙishirwa nake ji."

Malam ya miƙa mata sauran ruwan addu'a, ta shanye. A bakin layinsa suka sauke shi. Ya leƙo ta taga ya ce, "A riƙa bismilla kafin a wanke komai. A kuma riƙa gyara ƙarƙashin kujera, Akawu, ko da sanda ne." Ya tafi abinsa.

Suka kama hanyar gida su biyu. Auta ta jingina kai da ƙofa, ta lumshe ido. Ga Baba Akawu da labari mafi girma da ya taɓa samu a rayuwarsa, ya cika masa baki har yana yi masa zafi, ga mota tsaf, ba kowa a ƙarƙashin kujera. Ya yi tafiya mai nisa a haka. A wajen wata mararraba ya gyara murya, ya fara a hankali, daga ɗakin jira, da mai tumbi, da kofin shayi, da dalilin da ya sa ya ce a wanke.

Bai san ko barci take yi ba. Madubi na nan a gabansa, ɗaga ido kawai zai yi ya gani. Ya sa hannu ya karkatar da madubin sama, ya ci gaba da magana.