Zakin Kat-san-kat

Da hantsin Laraba Malam Jaje ya lalubi gaban motarsa kamar kullum, sai ya janye hannu. Tambarin zakin da ya shafa ba nasa ba ne.

Jaje tsohon direba ne, shekara talatin yana jigila tsakanin Illela da Konni kafin idonsa ya mutu. Matarsa ta rasu. Abin da ya rage masa a tsakar gida shi ne Fijo kat-san-kat, wadda 'yarsa Saratu ta sama wa mai saye.

Da Jaje ya kai ƙara, Ajidan Sadiƙu na jandarma ya zo ya durƙusa gaban motar. An ɓamɓare tambarin asali, an liƙa wani da gam.

"Baba, yaya ka gane?"

"Nawa kai ne kaɗai, da geza, cikin garkuwa. Wanga tsaye yake bisa ƙahwa biyu, irin na tambarin yankin masu Fijo can Faransa. Tun suna ƙera zarto suke buga zaki, don haƙoran zarto. Amma kowace mota da nata."

"Wa ke shigowa gidan nan?"

"Mutum ukku. Sannan ni."

Salisu makanike ya yi dariya da aka nuna masa. "Ni in sa wa kat-san-kat zakin wata mota? Da gam kuma? Ai sai a kore ni daga gareji."

Saratu tana Malbaza wajen aiki tun Asabar, an tabbatar. "Mai sayen ya ce in ba tambarin asali, ya fasa," ta ce a waya. "Da an sayar zan ɗauko Baba ya zauna wurina. Mi zai sa in ɓata cinikin?"

Saura Sallau tela, maƙwabcin Jaje, wanda kullum bayan la'asar yake zuwa da tabarmarsa su yi hira. Sadiƙu ya same shi a shago shi kaɗai, keken ɗinki a rufe.

"Ka taɓa tuƙa mota, Baba?"

"Ko amalanke ban iya ba."

"Ɓarawon waje ɓamɓara zai yi ya gudu," Sadiƙu ya ce. "Wanda ya tsaya liƙa wani, ya san Jaje yana shafawa kowace safiya, kuma ba ya son ransa ya ɓaci. Amma bai san mota ba, a wurinsa zaki zaki ne. Mutum ɗaya ne haka."

Sallau ya ja aljihun keken, ya ciro tambarin a naɗe cikin ƙyalle.

"In an sai da motar, tahiya za a yi da shi," ya ce. "Duk tsaranmu sun ƙare. Wa zan yi wa sallama da la'asar?"

Sadiƙu ya kai shi gaban Jaje. Tsohon ya karɓi tambarin, ya juya shi a hannu, ya miƙa wa Sallau.

"Riƙe. Ajidan, na janye ƙara." Ya juya wajen maƙwabcinsa. "Ba mota ce za ta kai ni ba, Sallau, ido ne. Jiya na zuba shayi bisa ƙahwata."

Ranar Lahadi Saratu ta zo ta ɗauki mahaifinta. Motar ba a saya ba, aka rufe ta da tamfol, aka sa wa gidan kwaɗo. Bayan sati biyu Sadiƙu ya bi ta unguwar. Da la'asar ya tsayar da babur a ƙofar shagon Sallau, ya yi sallama. Sallau ya ɗago, ya tambaye shi ko an sake yin sata ne.

"A'a, Baba," Sadiƙu ya ce, ya cire takalmi ya zauna.