Makullin Gidan Kusa da Makaranta

Rana ta gama faɗuwa, ɗan hasken da ya rage a tsakar gida ya yi ja, aka fara kiran magariba daga nesa. Matar gidan, nas ce a asibitin yara, dawowarta ke nan daga aiki tana kwashe shanya. Mijinta yana falo a tsakiyar kwalayen kaya da aka ɗaure tun kafin hutun makaranta, ya jera makullai uku a kan tebur ya zuba musu ido. A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Nas ta ɗaga kai. Babu yara a titi, don an kora kowa cikin gida. Dutse na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali, ya sauka daidai gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta taɓa shi, ta ji shi da ɗumi kamar an daɗe da riƙe shi a hannu.

"Abban yara, jifa ake yi," ta ce.

"Sai an duba," ya amsa daga ciki, ko motsawa bai yi ba.

Da wannan kalma aka san shi, har ta zame masa suna a wurin aiki. Sai-an-duba jami'in sayayya ne a wani kamfani, kuma ƙa'idar aikinsa ita ce ba a sayen ko tsintsiya sai an nemo farashi daga wuri uku an kwatanta. Ƙa'idar ba ta da laifi a ofis. Shi ne dai, don ƙarancin basira, ya naɗo ta ya kawo ta cikin gidansa. Da kamfanin ya ce zai ƙara masa girma, ya zaɓi reshe ɗaya cikin uku ya koma da iyalinsa, sai bawan Allah ya zagaya garuruwan duka, ya ga gida a kowanne, ya lallaɓi dillalai ya karɓo makullai wai don kada wani ya riga shi. Gari na farko aiki ya fi tsoka amma makarantun ba a magana. Na biyu akwai asibitin da zai ɗauki matarsa. Na uku kuwa gidan yana jingine da katangar makarantar da kowa ke yabo, sai dai ofis da nisa. Ya riƙe duka ukun, bai shiga ko ɗaya ba, bai saki ko ɗaya ba.

Abin takaicin shi ne ya riga ya cire babbar 'yarsa daga makarantarta, ana saura shekara guda ta gama, don a cewarsa ai tafiya ta zo. Aka koma karatu, yarinya tana gida. Kullum da safe tana tsaye a taga tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jakunkuna. Mamana yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta, kuma a baki babu wanda ya kai shi son ta. In ta ce, "Abba, wace makarantar zan shiga?" sai ya shafa kanta ya ce mata gaggawa ba ta da kyau.

Jifan bai tsaya a ranar ba. Kullum rana ta faɗi sai ya dawo. Daga baya aka fara jin motsi a cikin kwalaye, kamar ana gyara zama. Wata magaribar Nas ta shiga kicin ta ji jariri yana kuka ƙasa-ƙasa a bayan firiji, wata murya tana rarrashinsa cikin gajiya. Ta fito da baya da baya, bakinta yana addu'a, ta gaya wa mijinta. Ya gyara tabarau ya ce akwai yiwuwar ɓeraye ne, akwai yiwuwar maƙwabta ne, akwai kuma yiwuwar gajiyar aiki ce ke damunta. Ko a nan sai da ya kawo uku.

Sannan abin ya faɗa kan yarinya. Ta daina cin abinci, ta daina tsayawa a taga. Da la'asar sakaliya sai ta naɗe tabarmarta da bargonta, ta ɗora a ka, ta tsaya a bakin ƙofar falo kamar mai jiran mota, ba ta shiga ba ta fita. In an yi mata magana ba ta ji. Nas ta kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba kai, aka ce lafiyarta ƙalau. Ranar da suka dawo, yarinyar ta dubi ubanta da idon da ba nata ba, ta ce da wata murya mai kauri ta dattijon namiji, "Har yanzu kana dubawa?"

Nas ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ta aika aka kira malamin da ke koyar da manya karatu a masallacin unguwa, mutum mai ilimi da sanyin magana, wanda aka san shi da ruƙiyya. Sai-an-duba ya so a ji ta bakin wasu malamai biyu tukuna. Matarsa ta yi masa kallo ɗaya, ya haɗiye sauran maganar.

Malam ya zo bayan sallar magariba. Aka ture kwalaye gefe, aka shimfiɗa yarinya a kan darduma, uwar ta riƙe mata kai a cinya. Gidan ya yi tsit, ko fankar sama an kashe. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, a hankali, ba ya ɗaga murya. Can sai yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa. Rawar ta hau gwiwa, ta hau ƙirji. Ta wage baki ta ja numfashi mai tsawo, sai ga muryar nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ne mai laifi ba."

"Wane ne kai?"

"Magidanci ne kamar kowa. Ina da mata, ina da 'ya'ya, ƙaraminsu ko yaye ba a yi ba."

"Me ya kawo ka jikin yarinyar da ba ta san ka ba? Ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Ka tambayi wancan mai tabarau abin da ya faɗa a gidan da ke jikin makaranta."

Malam ya juya. Sai-an-duba ya ce shi bai tuna ya faɗi wani abu ba, ko da yake akwai yiwuwar ya yi ɗan barkwanci da dillali.

Yarinyar ta yi wata dariya mara daɗi, wadda ta sa uwar ta runtse ido. "Barkwanci. Mun daɗe a gidan nan, Malam, tun babu kowa. Ba mu taɓa ɗan Adam ba. Wannan ya shigo da sallama, ya tsaya a tsakiyar falo, ya tafa hannu, ya ce duk wanda ke ciki ya tattara ya fita, masu gida sun zo. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu. Mu in mai gida ya yi magana ba ma jayayya. A ranar muka kwashe. Na bar iyalina a bakin kwata na fita neman wuri, na zaga gari kaf, ko'ina da masu shi. Muka zauna muna jiran ya tare, mu san mun rasa gidan mu yi nisa. Bai zo ba. Gida yana nan a kulle, babu shi babu mu. Komawa ba ta halatta gare mu tunda maganarsa tana kai. Shi ne muka biyo makullin, muka same shi a nan yana wasa da shi a kan tebur."

"Wannan bai ba ka damar cutar da yarinya ba," in ji Malam.

"Na yi jifa, ya ce a duba. Ɗana ya yi kuka, ya ce ɓera ne. Ta ina zan shiga kunnen irin wannan? Na ga ita ce kullum a tsaye tana jira kamar mu, na ce wataƙila in ta faɗi zai ji."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗan ɗaga murya. Yarinyar ta gantsare, jijiyoyin wuyanta suka tashi, gumi ya jiƙa hijabinta. Uwar tana kuka ba sauti.

"Zan fita," muryar ta ce da ƙyar. "Wallahi zan fita, ba na jin daɗin zaman nan. Abu ɗaya nake so. Ya faɗa da bakinsa yanzu. In zai shiga gidan, ya ce zai shiga, in kwashi iyalina mu nausa daji, ba zai sake jin ɗuriyarmu ba. In ba zai shiga ba, ya ce ya saki, ya ba da makulli. Ko wanne ya zaɓa na yarda."

Malam ya dubi mai gidan. "Ba a biye wa sharaɗin aljanu in da saɓo a ciki. Wannan kuwa babu. Haƙƙi ne ka ɗauka, kuma kalma ɗaya ce. Faɗi."

Duhu ya gama shigowa ta taga. Ba wanda ya tuna ya kunna fitila. Sai-an-duba ya sa hannu a aljihu, aka ji makullai suna ƙara. Ya dubi 'yarsa a kwance, idanunta sun juye, leɓenta ya tsage. Ya share gumi. Wallahi da za a ce wa jaki ya zaɓa a wannan lokaci, da ya yi kuka ko sau ɗaya ne. Shi kuwa gogan naka ya gyara murya kamar yana gaban manaja.

"Allah gafarta Malam, matsalar ita ce makarantar can babu kamarta, in na saki wani zai ɗauka. In kuma na ce zan shiga, ga nisan ofis. Ko za a roƙe shi ya ba ni zuwa gobe?"

Muryar aljanin ta sauka ƙasa. "Malam, ka ji da kunnenka. Ni da ake kira mugu, ɗana na kuka na rasa barci."

Nas ta zare cinyarta a hankali, ta ajiye kan 'yarta a kan filo. Ta miƙe ta nufi mijinta, ta cusa hannu a aljihunsa ta zaro makullan. Ta ware na gidan makaranta, ta durƙusa ta sa shi a tafin yarinyar ta dunƙule mata yatsu.

"Mun saki," ta ce.

"Ba ke kika kore mu ba, baiwar Allah."

"Ba ni ba ce. Amma da an shiga gidan, ni zan share shi, ni zan kunna wuta a cikinsa, ni zan kwana a farke in yaro ya yi zazzaɓi. Ni na ce mun saki. Ka koma da iyalinka, ka sakar min 'yata."

Sannan muryar ta ce, "Ashe gidan da mai shi. Na karɓa."

Malam ya sa shi ya yi alkawari da sunan Allah cewa ba zai dawo ba, shi da duk nasa, ya kuma umarce shi ya fita ta ƙafa. Ƙafar hagun yarinyar ta miƙe ta yi karkarwa, ta saki. Ta yi atishawa mai ƙarfi. A cikin kwalaye aka ji ɗan motsi kamar ana ɗaukar kaya, labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, shi ke nan. Da uwar ta buɗe hannun yarinyar babu makulli, sai shatinsa a tafinta.

Malam ya kunna fitila da kansa. Yarinyar ta buɗe ido ta nemi ruwa da muryarta ta ainihi. Uwar ta ba ta, ta sha, ta jingina da ƙirjinta. Sai a lokacin uban ya matso, ya durƙusa, ya miƙa hannu zai shafa kanta.

"Mamana, sannu. Kin gane ni? Kin ba mu tsoro."

Ta kauce kaɗan, hannunsa ya tsaya a iska. Ta dube shi, kuma wannan karon idon nata ne.

"Abba, ina ciki fa," ta ce a hankali. "Ba na iya magana, amma ina jin komai. Na ji ka ce a bari sai gobe."

Ya buɗe baki zai yi bayani. Malam ya ɗauki takalmansa ya fita ba tare da ya dube shi ba.

Nas ce ta kira motar kaya, ita ta gaya wa direba garin da za a nufa, wanda ke da asibitin da zai ɗauke ta. Mijin ya bi su a kujerar baya, rungume da fanka. Makarantar da aka samu a can ba ta kai waccan suna ba, kuma sai da yarinyar ta maimaita aji, amma ta shiga, ta gama. Tana gaishe da ubanta safe da yamma, tana kai masa ruwan alwala, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Sai dai tun daga wannan magaribar, ko fensir ne ya ƙare mata, uwarta take jira ta dawo daga aiki.