Rantsuwar da Avis Ta Ƙi Yi

Avis tana kwaɓa burodi a madafa aka banko ƙofa. Mahaifinta ne, Osbert mai fataucin ulu, hula a hannu, yana gumi duk da sanyin da ake yi a Norwich.

"Wanke hannunki! Mutanen sarki sun sauka a gari, ke suke nema."

Shekara huɗu Avis ta yi a fada tana yi wa sarauniya ɗinkin ado, kafin ta dawo gida shirin aurenta da Gervase, ɗan masu gidan niƙa na bakin kogi. Saura mako uku biki. A kwanakin nan kuwa labari ya cika gari: sarki ya juya wa matarsa baya, an kulle ta a London, ana neman shaidu.

"Me zan ce musu, Baba?"

"Ba wani abu mai yawa ba. Ki dafa Littafi Mai Tsarki ki ce kin ga namiji ya fito daga ɗakinta. Shi ke nan!"

"Ban gani ba."

"Wa ya tambaye ki abin da kika gani? Matar nan tata ta ƙare, ko da ke ko ba ke. Mu ne za mu zauna da fushin sarki!"

Bai rufe baki ba sai ga Ursula, mahaifiyar Gervase, ta shigo tana jan ɗanta a baya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"'Yar nan, in faɗa miki tun yanzu. Ba zan haɗa zuri'a da gidan da fada ke harara ba. Ki rantse a yi biki, ki ƙi kowa ya kama gabansa."

"Inna, sarauniya ba waliyyiya ba ce, na sani. Ta taɓa jifa na da hannun riga don na karkata ɗinki. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni, kowa ya guje ni, ita ta riƙe mini kwanon romo ina sha. Yau in yi mata ƙazafi?"

"Romo! Ku ji mini yarinya! A kan romo za ki kashe aurenki?"

Avis ta juya wajen Gervase. Shi kuwa ƙasa yake kallo, yana murza bakin rigarsa. Ta jira. Sai ya bi bayan uwarsa suka fita.

Washegari da hantsi aka kai ta zauren gari. Wakilin sarki yana zaune cikin baƙar riga, takarda a gabansa an riga an rubuta komai. Ya tura mata Littafin.

"Dafa ki maimaita abin da zan faɗa."

Ta mayar da hannunta baya. "Ranka ya daɗe, zan rantse a kan abin da idona ya gani. Na ga tana addu'a, na ga tana faɗa, na ga tana kuka. Namiji kam ban gani ba."

"Kin san inda masu taurin kai suke kwana?"

"Na sani. Can sarauniya take kwana."

Kwana tara ta yi a tsare. Da suka samu wasu suka rantse, aka sake ta don ba ta da sauran amfani. Ranar da ta fito, ranar labari ya iso cewa an sare kan sarauniya. Avis ta durƙushe a bakin titi tana kuka kamar ranta zai fita. Mahaifinta ya tsaya a kanta.

"To, taurin kan naki ya cece ta? Abokan cinikina sun watse, biki ya fashe. Kada ki sake taka mini gida!"

Ƙauyen goggonta Thomasine ta nufa, ta kama kaɗin ulu. Wata huɗu babu wanda ya leƙo ta. Wata safiya tana ɗiban ruwa ta ga Gervase tsaye da ƙunshin kaya a kafaɗa.

"Me ya kawo ka? Ranar da nake neman bakinka, ina ka ajiye shi?"

"Tsoro na ji, Avis. Ba ni da wata hujja. Na faɗa wa Inna ke zan aura, ta ba ƙanena gidan niƙan. Yanzu lebura ne ni a gonar can."

"To yi ta leburanci. In ka kai girbi ba ka gudu ba, sai mu yi magana."

Ya kai girbi. Aka ɗaura aure a ɗan cocin ƙauyen, mutum biyar kawai suka zo. Sun sha wuya, akwai hunturun da kabeji da burodin sha'ir kaɗai suka ci, amma Allah ya ba su 'ya'ya biyu.

A shekara ta shida mummunan labari ya zo daga Norwich. Wani maƙwabci mai kwaɗayin filin bakin kogi ya kai ƙarar Ursula, wai mayya ce, ya gan ta a garkensa ranar bikin girbi, shanunsa uku suka mutu. An tambaye ta ina take ranar, ta ƙi faɗa. Igiyar rataya ke jiran ta.

Gervase ya riƙe kai. Avis kuwa ta ɗauki mayafinta.

"Tashi mu je. Na san inda take ranar."

A kotu ta dafa Littafin da hannunta. "Ranar bikin girbi matar nan tana ƙauyenmu, tafiyar rabin yini daga nan. Ta laɓe a bayan shingenmu tun hantsi har la'asar tana kallon jikokinta. Na gan ta, na yi kamar ban gani ba. Girman kai ne ya hana ta faɗa."

"Surukarta ce, dole ta kare ta!" in ji maƙwabcin.

Alƙali ya ƙura mata ido. "Ba ke ce kika ƙi rantse wa mutanen sarki ba?"

"Ni ce."

"Wadda ta zaɓi kurkuku a kan ƙarya ɗaya, ba a kan shanu uku za ta fara ba. A saki tsohuwar nan!"

A bakin kotu Ursula ta kama gefen zanen Avis, hawaye na zuba. "Da kin bi maganata a wancan lokacin, 'yata, da yau wa zai yarda da ke? Ki yafe mini."

"Na yafe, Inna. Amma ki daina leƙe ta shinge, gidan yana da ƙofa."

Avis ba ta iya ceton sarauniyarta ba, wannan ciwon bai taɓa barin ta ba. Sai dai wanda ya riƙe gaskiya ranar da take da tsada, ya yi haƙuri da abin da ta jawo masa, to wata rana kalmarsa guda za ta isa ta fanshi rai.